Wa Ya Hana Linux Ganin Wi-Fi?

Kwanakin baya na raka ɗan yayata shagon wani mai gyaran kwamfuta a Titin Beirut da ke Kano. Yaron yana karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a, malaminsu ya ce kowa ya ɗora Linux a kan laftaf ɗinsa kafin zangon karatu ya kankama. Ya ɗora Ubuntu da hannunsa, komai ya tashi lafiya: allo ya yi tar, sauti ya fito, linzami yana amsawa. Wi-Fi kaɗai ya yi ɓatan dabo. Kwana uku yana fama, har ya kira ni da dare yana cewa, "Kawu, ina jin kwamfutar ce ba ta ɗaukar Linux." Da muka je shagon, maigidan ko buɗe ta bai yi ba, ya ce, "Alhaji, Linux ɗin nan wahala ce kawai. A mayar masa da Windows ya huta." Wani yaronsa da ke gefe ya nemi a ba shi minti goma. Ya kwance murfin ƙasa, ya zare wayoyi biyu siriri, baƙa da fara, daga jikin wani ɗan kati da bai fi babban yatsa ba, ya ciro katin, ya ɗauko wani daga cikin tulin matattun kwamfutocin da ke ƙarƙashin teburi ya maƙala. Ana kunnawa sai ga sunayen Wi-Fi na maƙwabta sun jeru a kusurwar allo. Ba a sauke komai daga intanet ba, ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikin manhajar ba.

Kwamfuta ɗaya, Linux ɗaya, kati kawai aka canza. Wannan ɗan abin da ya faru a gabana ya ƙunshi duk maganar da nake son yi yau, domin hukuncin da maigidan shagon ya yanke shi ne hukuncin da kusan kowa ke yankewa, kuma ina ganin an ɗora laifin inda bai dace ba.

Kowane ɓangare na kwamfuta, daga katin Wi-Fi zuwa kyamara da firinta da katin hoto, yana da nasa harshen da yake ji. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba ta jin wannan harshe sai ta hannun tafinta, wanda masu gyara ke kira direba. Wanda ya ƙera katin shi ya san sirrin harshen. In ya ga dama ya rubuta tafinta ga Windows kaɗai, ya kulle takardun bayanin a durowa, to duk wata manhaja da ta zo za ta tarar da kurma ne a gabanta. Dalilin da ya sa Windows ke aiki a kan kowace laftaf da ka saya ke nan: tun a masana'anta kamfanin ya rubuta direbobin, ya gwada su, ya ɗora su. Microsoft ba ta zauna ta rubuta wa kowace na'ura a duniya tafinta ba. Masu ƙera kayan ne ke yi mata wannan hidima da kuɗinsu, saboda nan kasuwa take.

A Linux tsarin ya bambanta, kuma sanin bambancin shi ne mabuɗin fahimtar rigimar. Yawancin direbobi suna zaune ne a cikin zuciyar manhajar kanta, wadda ake kira kanel, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Duk kamfanin da ya kawo direbansa a buɗe, aka duba aka karɓa, to direban ya zama ɗan gida. Duk lokacin da aka sauya wani abu a kanel, wanda ya yi sauyin shi zai gyara direbobin da abin ya shafa. Ta haka na'ura ke ci gaba da aiki shekaru bayan kamfanin da ya ƙera ta ya manta da ita, ko ma ya rufe. Wanda kuwa ya ƙi shigowa, ya ce zai ba da direba a rufe daga waje, to masu kanel ba su yi masa alkawarin cewa hanyoyin cikin gida za su tsaya cak dominsa ba. Yau direbansa ya yi aiki, gobe a sabunta manhaja ya karye. Mai kwamfuta ya wayi gari ya ga allo baƙi ƙirin, ya zagi Linux, alhali wanda ya ƙi shiga gida ya zauna a tsakar rana shi ne ya jawo.

Wannan rigima ta girmi Linux kanta. Wajen 1980, a cibiyar binciken kwamfuta ta MIT a Amurka, an kawo wata sabuwar firinta ta Xerox da ke yawan cije takarda. Wani mai rubuta manhaja a cibiyar, Richard Stallman, ya so ya gyara manhajarta yadda za ta riƙa sanar da mutane in ta cije, kamar yadda ya yi wa tsohuwar, aka hana shi asalin rubutun manhajar. Wannan na cikin abubuwan da suka tunzura shi ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983. Ke nan tun tushe, yunƙurin manhaja mai 'yanci ya samo wani kaso na zafinsa ne daga rikicin na'ura da direba. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka yi zamanin modem ɗin nan masu araha da aka cire wa rabin kayan ciki, aka bar wa direban Windows aikin, har aka laƙaba musu sunan Windows ɗin. Da zamanin Wi-Fi ya shigo, ƙuncin ya kai masu Linux sun ƙirƙiro wata dabara mai suna NDISwrapper a 2003, wadda ke ɗauko direban Windows ta yaudare shi ya yi aiki a cikin Linux. Wanda ya taɓa amfani da ita ya san irin zaman ɗar-ɗar da ake yi.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne abin da Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel, ya yi a farkon 2007. Ya fito fili ya yi wa kamfanoni tayi: ku ba mu bayanin na'urarku, mu rubuta muku direba kyauta, mu ci gaba da kula da shi, in ma kuna tsoron fallasar sirri a shirye muke mu sa hannu a yarjejeniyar riƙe amana. Daga ranar, uzurin "ba mu da ma'aikatan da za su yi" ya yi rauni ƙwarai. A shekarar ce kuma AMD, wadda ta sayi ATI a 2006, ta fara sakin takardun bayanin katunan hotonta, abin da ya kai ga yau katin AMD na cikin waɗanda suka fi zaman lafiya da Linux. Atheros ta saki buɗaɗɗen direban Wi-Fi a 2008, Broadcom da aka daɗe ana kuka da ita ta biyo baya a 2010. Intel kuwa ta daɗe tana biyan injiniyoyi albashi su rubuta direbobinta kai tsaye a cikin kanel, galibi tun kafin kayan su shiga kasuwa.

Nvidia ce ta fi jan ƙafa. A watan Yuni na 2012, a wani taro a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland, wata mata ta yi wa Torvalds ƙorafin laftaf ɗinta mai katin Nvidia, shi kuma ya fusata ya bayyana kamfanin a matsayin mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, har ya yi wa kyamara nunin zagi da yatsa. Shekara goma aka yi bayan wannan kafin Nvidia ta buɗe ɓangaren direbanta da ke shiga kanel, a watan Mayun 2022, shi ma ga sababbin katuna kawai. Me ya sauya? Ni dai ban yarda zagin ne ya yi aiki ba. A tsakanin shekarun nan, ribar Nvidia ta karkata zuwa manyan cibiyoyin sarrafa bayanai da ƙirƙirarriyar basira, kuma injinan da ke can Linux suke amfani da ita. Tun daga ƙarshen 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukkansu Linux ke tafiyar da su. Wayar Android da ke aljihunka kanel ɗin Linux ne a cikinta, kuma babu mai ƙera kayan waya da ya taɓa cewa rubuta mata direba ya gagare shi. Da kamfanin Valve ya fito da na'urar wasanni ta Steam Deck a 2022 a kan Linux, sai ga gyare-gyaren direbobin hoto suna ta kwarara. Duk inda mai saye ya zo da kuɗi masu kauri ya ce Linux yake so, direba ba ya wuyar samu.

Ba zan ce kamfanonin ba su da hanzari ko kaɗan ba. Masu Linux a kan kwamfutar teburi da laftaf 'yan tsiraru ne, kuma sun kasu gida-gida: Ubuntu, Fedora, Debian, Mint, Arch, kowa da lokacin fitarsa da kanel ɗin da yake ɗauke da shi. Kamfanin da zai ce ya gwada kayansa a kan kowanne zai sha aiki. Wani lokacin ma hannun kamfanin a ɗaure yake, domin a cikin na'urarsa akwai fasahar wasu da ya karɓa bisa sharaɗin ba zai fallasa ba. AMD ta yi watanni tana aikin buɗaɗɗen direba na HDMI 2.1, a 2024 ƙungiyar da ke mallakar ƙa'idar HDMI ta ƙi amincewa a sake shi. Kamfanin yana so, mai ƙa'ida ya hana. Su ma masu Linux suna da nasu kason: ka sayi laftaf da ta fito bana, ka ɗora mata sigar manhaja ta shekara biyu baya, dole wani abu ya ƙi tashi, kuma ba kasafai ake yi wa sabon shiga wannan bayani da harshen da zai gane ba. Na yarda da duk wannan. Amma abin da ake nema a wurin kamfani bai taka kara ya karya ba. Ba a ce ya gwada Linux ɗari ba. Ya kai direba ɗaya cikin kanel, ko ya saki takardun bayani, sauran aikin akwai masu yi.

Dubi 'yan uwan Linux a dangin Unix, za ka ƙara ganin inda gizo ke saƙar. macOS ta Apple Unix ce mai takardar shaida, kuma ba ka jin mai MacBook yana kukan direban Wi-Fi, don wanda ya ƙera injin shi ya rubuta manhajar. Da Apple ta koma nata furosesa na M1 a 2020 ba tare da sakin bayanansa ba, sai da 'yan sa-kai na shirin Asahi Linux suka yi shekaru suna bin diddigin na'urar ɗaya bayan ɗaya kafin Linux ta zauna a kai. FreeBSD da OpenBSD kuwa, da yake jama'arsu ba ta kai ta Linux ba, sun fi shan wuya. FreeBSD ta kai ga gina wata gada a cikinta don aron direbobin hoto da na Wi-Fi daga Linux. Ingancin manhaja bai shigo cikin lissafin nan ba sam. Yawan masu saye ne ke magana.

A 'yan shekarun nan matsalar ta sauya kama. Da, kukan shi ne babu direba. Yanzu har ƙofar shiga ana iya kullewa. Tun zuwan Windows 8 a 2012 kwamfutoci ke fitowa da tsarin Secure Boot, wanda ba ya barin manhaja ta tashi sai tana ɗauke da sa hannun da injin ya sani, kuma mabuɗin da ke cikin kusan kowane inji na Microsoft ne. Manufar tsaro ce, kuma tana da amfani. Sai dai sakamakon shi ne Ubuntu da Fedora da Debian suna tashi ne ta wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna shim, wadda sai Microsoft ta sa mata hannu. A 2016 masu wasu laftaf na Lenovo Yoga sun tarar Linux ba ta ma ganin ma'adanar bayanan injin saboda yadda aka kulle saitinta, sai da aka yi ta hayaniya kafin kamfanin ya fitar da sabon BIOS. Wasu tsofaffin laftaf ma suna da jerin katunan Wi-Fi da aka yarje musu a cikin BIOS, ka sa wani daban su ƙi tashi, don haka dabarar yaron Titin Beirut ba kullum take ci ba. Ga kyamarorin sababbin laftaf masu tsarin IPU6 na Intel da suka yi shekaru ba sa aiki sosai, ga na'urar karanta yatsa, ga matsalar barci, inda za ka rufe murfi ka sa a jaka ka iske batir ya ƙare kaf. A ɗaya gefen akwai ci gaba na gaske, kamar tsarin LVFS da Richard Hughes na Red Hat ya kafa, wanda ta cikinsa Dell da Lenovo da HP ke aiko da sabuntawar BIOS kai tsaye ga masu Linux.

To, ina ruwanmu da wannan duka? Ruwanmu ya kai wuya. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Duk wanda ya san kayan da ke kan kanta a Titin Beirut, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya san dubban HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad na tokumbo da ɗalibanmu da ma'aikatanmu ke saye 'yan zubi na huɗu ne zuwa na bakwai. Lafiyarsu ƙalau. Wa'adi aka yanke musu daga wani ofis mai nisa, ba tsufa ne ya kashe su ba. Kuma yayin da ofisoshin Turai da Amurka ke sauke irinsu don komawa Windows 11, ai nan za a ƙara jibgo mana su. Me zai faru? Mun sani. Za a ci gaba da ɗora musu Windows 10 da babu mai toshe mata ɓaraka, ko a yi wa Windows 11 dabara a cusa ta a injin da Microsoft ta ce ba ta ɗauki alhakinsa ba, sannan a shiga banki da ita, a ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai a ciki.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne waɗannan tsofaffin laftaf na ofis su ne Linux ta fi sani a duniya. Kayan cikinsu galibi na Intel ne tun daga furosesa har Wi-Fi, direbobinsu sun shekara da shekaru a cikin kanel, an gano kurakuransu an gyara. Irinsu ne ma masu rubuta Linux da yawa ke riƙewa. Wahalar direba ta fi kama mai sabuwar laftaf fil a leda, ko mai 'yar arahar nan da aka haɗa da katin da ba a san asalinsa ba. Talakan da ya sayi tokumbo mai kyau shi ya fi kowa dacewa. Ga kuma sauƙin data: tunda direbobin suna cikin manhajar, ba sai ka ƙona kuɗi kana sauke su ɗaya-ɗaya ba. Ko Debian da ta daɗe tana ƙin haɗa rufaffun 'yan manhajojin da wasu katuna ke buƙata, ta sassauta daga siga ta 12 a 2023, ta sa su a cikin faifan ɗorawa. Har tsarin kibod na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ yana nan a ciki, na Najeriya da na Gana, zaɓa kawai za ka yi.

Kada a ce na ɓoye inda takalmin ke matsi. Mai shagon buga takardu da rayuwarsa ta dogara da CorelDRAW ko Photoshop ba zai same su a Linux ba, kuma ba zan ce masa ya bar abin da yake ci da iyali da shi ba. Firintocin zamani da yawa suna aiki ba tare da wani direba na musamman ba, HP ma ta daɗe tana fitar da nata na Linux, amma akwai masu arahar da har gobe Windows kawai suka sani. Haka na'urorin ɗaukar hoton yatsa da ake aikin rajista da su, yawanci manhajar Windows ce ke rako su. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin hukumomi ne ke sayen su da kuɗin jama'a, su ne kuma ke da bakin da kamfani zai saurara.

Mun taɓa tsayawa a wannan mararraba. A 2007 an kawo kwamfutocin yara na XO masu Linux makarantar firamare ta Galadima a Abuja don gwaji. A shekarar ce kuma kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux ɗinsa a kan kwamfutocin Classmate 17,000 na makarantun Najeriya, sai labari ya ɓulla cewa za a goge a sa Windows, har shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. Manyan kamfanoni sun ɗauki cinikinmu da muhimmancin da za su yi kokawa a kansa tun wancan lokaci. Mu ne ba mu taɓa amfani da wannan ƙarfi mun gindaya sharaɗi ba. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan buɗaɗɗun manhajoji, kuma duk mai son sayar mata da kaya ya san abin da zai kawo.

Ban ce a tilasta wa kowace ma'aikata barin Windows ba. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi. Duk jami'a ko ma'aikata ko gwamnatin jiha da za ta ba da kwangilar sayen kwamfuta ko firinta ko na'urar rajista, ta ƙara layi ɗaya a takardar kwangila: kayan su kasance suna aiki da Linux da direban da ke cikin kanel. Ba abu ne da babu shi a kasuwa ba. Dell na sayar da kwamfuta mai Ubuntu tun 2007, Lenovo ta faɗaɗa nata a 2020, kamfanonin Linux irin su Canonical da Red Hat kuma kowanne na wallafa jerin injinan da aka gwada aka tabbatar. A ɗora Windows a kai in ana so. Amma ranar da aka yanke wa wannan Windows ɗin wa'adi, injin yana da inda zai koma, ba sai an tara su a sito ƙura ta cinye ba. Wannan aiki ne da NITDA za ta iya sa wa a ƙa'idojinta, TETFund kuma ta nema daga manyan makarantun da take ba kuɗi. Masu gyara su ma lokaci ya yi da za su koya wa yaransu duba sunan katin da ke cikin inji kafin su yanke hukunci, don kwastomomin da za su zo da wannan buƙata ƙaruwa za su yi.

Kai kuma mai karatu da ke shirin shiga kasuwa, ka tafi da filashi mai ɗauke da Linux Mint ko Ubuntu. Suna tashi daga filashin ba tare da sun taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ka nemi izinin mai shago ka kunna ta da shi, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da maɓallan hasken allo, ka rufe murfin ka ɗan jira ka buɗe ka ga ko za ta farka. In duk sun amsa, ka yi ciniki. In mai shagon ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.